Mai Amosanin Jini Da Kayan Da Muke Ƙara Masa

Iyayen yara, 'yan'uwana malamai, da ku ɗalibai manya da ƙanana, ina roƙon aron kunnenku a kan wani al'amari da ke zaune tare da mu a cikin aji, amma ba kasafai muke ɗaga ido mu dube shi ba.

Ciwo iri biyu ne. Akwai na wucewa, kamar mura ko zazzaɓi, mutum ya kwanta kwana uku, a zo gaishe shi da lemo da ayaba, ya tashi a manta. Akwai kuma wanda ya zo da tabarmarsa, wato ya zo zama: hawan jini, ciwon sukari, asma, farfaɗiya, amosanin jini. Mai irin wannan ba a zuwa gaishe shi kullum, domin mutane sun gaji. Da shi zai tafi makaranta, da shi zai tafi kasuwa, da shi zai yi aure. Na zaɓi in yi magana a kan amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suna ce masa emasi, saboda da wuya ka sami Islamiyya mai yawan ɗalibai wadda babu mai shi a cikinta. Ra'ayina kuwa shi ne, kaya biyu ne a kan mai wannan ciwo. Na farko jininsa ne ya ɗora masa, na biyu mu masu lafiya muka ɗora masa. Na farkon sai likita da ikon Allah. Na biyun muna iya sauke shi yau ɗin nan, ba tare da mun kashe ko kwabo ba.

Bari mu fara sanin abin da ke faruwa a jikin, don rashin saninsa ne ke sa mu cewa raki ne. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne kamar faifai, masu laushi, suna lanƙwashewa su ratsa ƙananan hanyoyin jini da suka fi gashi siranta, kowace ƙwaya kuma tana yin kamar kwana 120 tana aiki. Shi mai sikila, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin ƙwayar, wanda likitoci ke kira himogulobin, ya zo da wani ɗan canji. Idan iska ta yi ƙaranci ko ruwan jiki ya ragu, sai ƙwayar ta sandare ta tanƙware kamar lauje. Asalin kalmar sikila ke nan, lauje a harshen Turanci. Wani likita mai suna James Herrick a birnin Shikago ta Amurka shi ya fara bayyana wannan siffa a rubuce a shekarar 1910. Ƙwayar da ta zama lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake, idonsa ya yi rawaya kamar mai shawara, ya ɗan yi tafiya ya hau haki. Sannan laujunan nan sukan harɗe su toshe hanya, sai jini ya kasa isa ƙashi ko ƙirji ko ciki. Wannan toshewar ita ce ciwon da ke sa ƙaton saurayi ya riƙa birgima yana kiran babarsa. Babu rauni, babu jini a waje, babu abin da ido zai gani ya tausaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gado ne, ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko zama kusa. Kuma gadon daga ɓangare biyu yake zuwa. Idan uba AS ne uwa ma AS ce, to kowane ciki aka samu yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa SS, kashi biyu AS, kashi ɗaya AA. A lura, kowane ciki na ce. Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwon sauran ukun sun tsira ba, ana iya jera uku duk masu shi, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. Kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu a Nijeriya AS ne, kuma ƙiyasin da aka saba kawowa shi ne ana haifar jarirai wajen 150,000 da ciwon duk shekara a ƙasar nan, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Dalilin yawansa a wajenmu shi ne mai AS yana da ɗan kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, don haka irin ya yaɗu a ƙasashen sauro. Da yawa daga yaran da kakanninmu suka kira 'yan wabi, aka yi musu tsaga aka sa musu sunaye don su zauna, wannan ciwon ne ya ɗauke su tun kafin a san sunansa.

To a nan ina da magana da iyaye maza. Sau nawa muka ji an ce wance ta kawo mana ciwo cikin zuri'a? Har uwar miji ta sa baki a ƙaro aure don a sami lafiyayyun 'ya'ya. Alhaji, rabin abin daga jininka ya fito. Ita ce ke kwana a zaune tana danna masa ƙafa da tsumma mai ɗumi, ita ce ke kwana a barandar asibiti sauro na cinta, ta dawo kuma a ce laifinta ne. Idan ana lissafin masu fama da damuwa saboda sikila, a sa uwa a sahun gaba, ko da ita ba ta taɓa jin ciwon ƙashi ba.

Yanzu mu shigo cikin aji, inda mu malamai muke da iko. Abubuwan da ke tayar da ciwon sanannu ne: sanyi, ƙishirwa, zazzaɓi, gajiya mai tsanani, dukan ruwan sama, da tashin hankali. Ka duba tsarin makarantunmu ka gani ko akwai wanda muka bari. Da hunturu yaro ya fito da sanyin safiya, ya yi alwala da ruwan randa mai kama da ƙanƙara, ya zauna a kan siminti tsirara a bakin taga. Ya ce zai sha ruwa, a ce sai an tashi. Ya ce zai zaga, a ce ai yanzu ka dawo. Alhali kuwa ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran yara, fitsarinsa yawa gare shi, shi ya sa ma wasunsu kan daɗe suna fitsarin kwance, ba iskanci ba ne. Wato yana zubar da ruwa fiye da kowa, kuma ya fi kowa bukatar ruwan. Idan ya makara, don jiya bai runtsa ba, sai ɗan bulala ya tare shi a ƙofa, ko a sa shi tsallen kwaɗo, ko kamun kunne a cikin rana. Yaro mai lafiya zai yi tsallen kwaɗo ya share hawaye ya shiga aji. Wannan kuwa tsallen minti biyar na iya zama masa kwana biyar a gadon asibiti da ledar ƙarin ruwa, wani lokaci har da ƙarin jini. Malam ba da gangan ya yi ba, na yarda. Amma uban da zai biya kuɗin bai tambaya ko da gangan ne ba.

Sai maganar hadda, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Akwai kuma wata ƙaramar toshewa a ƙwaƙwalwa wadda ba ta karkata baki, ba ta kashe hannu, sai dai ta taɓa riƙon karatu. Yarinya tana kawo shafi guda ba gargada, a hankali sai ka ga rabin shafi ya gagare ta, abin da ta riƙe jiya ya zube yau. Mu kuma sai mu ce wasa ya yi mata yawa, mu ƙara bulala. Irin wannan likita take bukata da gaggawa. Akwai gwajin da ake yi wa yara daga shekara 2 zuwa 16, ana ɗora wata na'ura a gefen kai a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura ba yanka. Kuma a nan Kano aka yi binciken da aka buga a 2022, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna cikin waɗanda suka gudanar, ya nuna ƙwayar hydroxyurea tana rage haɗarin shanyewar jiki ga yaran da gwajin ya nuna suna cikin haɗari. Abin nan a ƙofar gidanmu yake.

Wani malamin zai ce, to in na ɗaga wa wannan ƙafa, sauran ma kowa zai ce ƙashinsa na ciwo. Wannan magana ce, kuma yara sun iya wayo, ba na musu. Amma maganinta takardar asibiti. Wanda iyayensa suka kawo shaida an san da zamansa, wanda bai kawo ba dokar aji ta hau kansa. Ban ce kuma a bar mai sikila ya sangarce ba. A tambaye shi haddarsa, a tsawata masa in ya yi rashin kunya, a hana shi wani abin da yake so in ya yi laifi. Jikinsa ne kawai ba wurin horo ba.

Yaran nan kuma girma suke yi, su shiga neman abinci. A nan ne kayan ke ƙara nauyi. Saurayi yana koyon ɗinki ko gyaran waya ko yana tsaron shago a Kantin Kwari, ciwo ya kayar da shi mako guda, ya dawo ya tarar an sa wani a gurbinsa. Malama tana koyarwa ana ba ta ɗan ihsani a ƙarshen wata, a cire na kwanakin da ta yi a kwance. Saboda tsoron haka sai yawancinsu su ɓoye. Ciwo yana fara yi masa alama tun da safe, maimakon ya sha ruwa ya sha magani ya kwanta yini ɗaya, sai ya cije ya ci gaba da aiki don kada maigida ya gane, har abin da yini ɗaya zai kashe ya zama na kwana goma. A ganina ɓoyon nan ya fi cutarwa. Ba sai an yi shela a kasuwa ba, amma mutum ɗaya, wanda kake aiki a ƙarƙashinsa, ya kamata ya sani tun ranar farko, a yi magana ta fahimta: ga abin da ke tayar mini da shi, ga wanda zai riƙe wurina in na faɗi, ga yadda zan rama aikin in na tashi. Shi ma maigida yana da gaskiyarsa, shago ba ya tafiya da tausayi kaɗai. Sai dai ya sani yaron da aka riƙe a lokacin da ya faɗi ba ya manta wa da mutum, kuma zama a kan keken ɗinki ko lissafin kuɗi ba ƙarfin ƙashi yake so ba.

Wannan ya kawo ni ga iyayen da ke cire yaro daga makaranta wai don kada ya wahala. Wallahi wahalar ce kuka tanadar masa. Mai sikila ba zai iya dako ba, ba zai iya kwaɓa siminti ba, ba zai iya yini a gona da tsakar rana ba, acaɓa cikin ruwan damina kuwa kamar ya kai kansa ne. Jarinsa kansa ne da alƙalaminsa da sana'ar zaune. In akwai yaron da ya fi kowa bukatar ilimi a gidanka, to shi ne.

Damuwa kuma ba a zuciya kaɗai take tsayawa ba. Idan hankalin mutum ya tashi, jiki yakan saki sinadaran da ke tsuke jijiyoyin jini, barci ya ƙaurace, cin abinci da shan ruwa su ragu, ga mai sikila kuwa wannan kiran ciwo ne. Shi ya sa yakan tashi ana gobe jarrabawa, ko ana gobe musabaƙa, ko a makon biki. Ciwo ya kawo damuwa, damuwa ta kawo ciwo, abin ya zama zagaye. Ko a ranar da yake lafiya lau ma ba shi da cikakkiyar natsuwa, don bai san yaushe zai dawo ba. Sai mu kuma mu ƙara da bakinmu. A gaban yarinya za ka ji wata ta ce, ai irinsu ba sa daɗewa. Wa ya ba ki littafin ajali, Hajiya? A yau akwai masu SS da suka haura hamsin da sittin, da 'ya'yansu da jikokinsu, akwai likitoci da lauyoyi da mahaddata a cikinsu. Abin da ya kashe na da shi ne zazzaɓi da cututtukan da yanzu ake da rigakafinsu, da rashin sanin abin da ake fama da shi.

Haƙuri muke ba su kullum, kuma haƙuri gaskiya ne, lada ne mai yawa. Amma wasu sun mai da kalmar ta zama hanyar rufe wa mara lafiya baki. Ya ce ya gaji, a ce yi haƙuri. Ta ce ba ta iya barci, kuka take yi ba dalili, ba ta son ganin kowa, a ce imaninta ne ya yi rauni. Annabi Ayyuba, alaihis salam, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Baƙin cikin da ya zarce makonni, ya hana ci ya hana barci ya hana aiki, shi ma ciwo ne mai magani, akwai likitocinsa a manyan asibitocinmu, zuwa wurinsu kuma ba hauka ba ne. Kafin a kai can, a samar masa wanda zai saurare shi ba tare da wa'azi ba, ko da na rabin sa'a ne. Haɗuwa da masu irin ciwon a ranar asibiti ma tana rage nauyi ƙwarai, domin a nan ne kaɗai ba sai ya yi bayani ba.

Ibada ma an sauƙaƙa masa, shi ne dai ba a gaya masa ba, ko kunya ta hana shi karɓa. Babu laifi a ɗumama ruwan alwala da na wanka. Inda babu halin ɗumamawa kuma ana tsoron ruwan zai tayar da ciwo ko ya ƙara shi ko ya jinkirta sauƙi, babin taimama yana nan a littattafan da muke karantarwa kullum, daga Ahalari har Risala. Azumi ne babban wurin gardama. Watan Ramadan ya faɗo a bazara, zafi ya haura digiri 40, sa'a goma sha uku ko fiye babu ruwa, ga wanda ƙishirwa ce babbar abokiyar gabarsa. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba mara lafiya rangwame, malaman mazhabarmu ta Malikiyya kuma sun ce idan ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani, ajiye azumin wajibi ne. Wasu masu sikila suna iya yi lafiya, wasu ba sa iyawa, jiki ya bambanta. Likitan da ya san shi ne zai faɗi abin da jikinsa zai ɗauka, malami kuma ya faɗa masa ko ramuwa ce a kansa a lokacin da ya sami dama ko ciyarwa. Abin da ba shi da kyau shi ne ƙannensa su riƙa yi masa dariya wai gwauron azumi, har ya ɗauka don kunya ya ƙare a asibiti ranar sallah.

Maganin yau da kullum ba boyayye ba ne: ruwa da yawa, ƙwayar folic acid, gidan sauro da maganin kariya daga zazzaɓi, cikakken rigakafi, penisilin ga ƙananan yara har zuwa shekara 5, da hydroxyurea ga wanda likita ya ɗora a kai yana kuma duba jininsa. Zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙirji da wahalar numfashi, kumburin ciki ta hagu inda saifa take, ɗashewar tafin hannu farat ɗaya, karkacewar baki ko mutuwar hannu, waɗannan ba a kwana da su a gida. Sai a yi hattara da kemis. Allurar pentazocine da ake yi wa wasu a ɗaki ta jefa samari da 'yan mata da yawa cikin jaraba, ta bar musu gyambo da sandararrun cinyoyi, yawan shan su diclofenac ba bisa ƙa'ida ba kuma yana cin ƙoda. A ɗaya gefen kuma, ma'aikacin asibitin da ke kallon duk mai sikila a matsayin ɗan ƙwaya, ya bar shi yana murƙususu a benci, shi ma ya ji tsoron Allah. Masu tallar magani a mota da lasifika, masu cewa garinsu na mai da SS ya koma AA, ƙarya suke yi. Abin da ke iya raba mutum da ciwon shi ne dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, sai kuma sabon maganin gyaran ƙwayar halitta mai suna Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda aka sa wa kuɗi dala miliyan 2.2. Ka ga wannan ba zancen unguwarmu ba ne tukuna.

A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da gwajin rukunin jinin nan. Na goyi bayanta. Sai dai gwajin da aka yi bayan an kai lefe an buga kati ya zo a makare, a lokacin ne ake neman takardar bogi ko a ce a bar wa Allah. Ɗalibanmu na ajin ƙarshe su san rukuninsu tun kafin wani ya yi sallama da su, a kuma yi gwajin a wurin da aka amince da shi, in da hali a maimaita. Kada kuma dokar ta zama dalilin ƙyamar waɗanda aka riga aka haifa. Mai SS na iya auren mai AA, 'ya'yansu duka AS za su zo, babu mai ciwon a cikinsu.

Ga abin da nake roƙon kwamitin makaranta da ƙungiyar iyaye kafin hunturun bana ya kankama. A ƙara layi ɗaya a takardar ɗaukar ɗalibi, inda uba zai rubuta ko yaron na da wani ciwo mai daɗewa da lambar da za a kira, a ajiye wannan a wurin shugaban makaranta da malamin aji kaɗai. A bar waɗannan yara su shigo da gorar ruwansu, su fita zagawa ba tare da dogon bayani ba, a zaunar da su a kan tabarma nesa da taga, a ƙyale su da rigar sanyi da safa ko da ba kalar kayan makaranta ba ce. A sanar da masu tsaron ƙofa sunayen waɗanda ba a duka ba a sa su tsalle. Wanda ya yi kwanaki a kwance a haɗa shi da ɗalibi ɗaya da zai bi shi gida da inda aka tsaya, a kuma ba shi ranar da zai kawo haddarsa shi kaɗai. Butar shayi guda ta ruwan zafi a ofishin shugaba ta isa alwalar su duka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.